Ranar da Barau Ya Auna Dindindin da Kara

Duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin Hayatu, bakin tashar Talata Mafara, ya san Barau. Ko bai ga fuskarshi ba ya ji muryarshi. Mutum ne dogo siriri mai wuya kamar na zalɓe, kuma a faɗarshi babu wani babban mutum a ƙasar nan da bai taɓa ba shawara ba. In jirgi ya wuce a sama sai ya ɗaga kai ya ce ya san wanda ke ciki. Abin da ya mallaka a duniya kuwa babur ɗaya ne mai tashi da turi, sai rabin gonar albasa a can wutsiyar kanal, hanyar ruwan noman rani. Ɗaya rabin na yayarshi ne Baturiya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, macen da ko allura za ta saya sai mai kaya ya yi gumi.

Ruwan da ke shiga gonar nan, da na duk manoman rani na wannan reshe, tun daga wajen Maradun zuwa Mafara har Birnin Tudu ta Bakura, a ƙofa ɗaya yake rabuwa, mai baki uku. Ƙofar ba ta buɗuwa sai da wani lanƙwasasshen ƙarfe, tsawon hannu, da ake sa wa a murɗa. Ƙarfen ɗaya ne tak, kuma shekara talatin da shida yana hannun Alhaji Mamuda shugaban ƙungiya, wanda ake kira Dindindin in ya ba da baya. An taɓa samun mai ƙarfin hali da ya je wurin maƙeri a ƙera mashi irinshi. Gonarshi ta shekara biyu ba ta ga ruwa ba, maƙerin ko ya koma Gusau da zama.

Dindindin na yin zaɓe, kar a yi mashi ƙarya. Duk shekara huɗu, a tsakiyar zafi, lokacin da albasa ke neman ruwa kamar mai azumi, sai ya tara mutane bakin ƙofar ruwa, ya dafa ƙarfen ya ce, "Wanda ya gaji da ni ya ɗaga hannu." Ranar ko ƙuda ya sauka a hancin mutum ba ya kora.

Shi ma ba zaɓenshi anka yi ba. Ranar da shugaban farko ya cika, Mamuda ne ya fara shiga gidan. Ya auna gawar da karan dawa kamar yadda ake yi a kai wa masu haƙar kabari, ya fito da kara a hannun dama, ƙarfe a hagu. Tun daga ranar mutane sunka riƙe abin kamar doka: wanda ya fara isa kan gawa ya auna, shi ke da ƙarfe.

To, a ranin bana sai Dindindin ya ɓace. Wata Laraba ya zo ya rage bakunan nan uku, ya bar kowane yana ɗiga kamar hancin mai mura, ya saɓa ƙarfenshi ya shige gida. Ba a sake ganinshi ba, ko a masallaci. Kwana goma, kwana sha biyar. Albasa ta fara sunkuyar da kai. Ɗanshi Imrana, ƙaton mutum mai ƙirji kamar ƙofar shago, ya kafa kujera a zaure, duk wanda ya zo amsa ɗaya ce: "Alhaji na hutawa."

Teburin Hayatu ya koma asibiti, kowa likita.

"Ɓarin jiki ya shanye," in ji wani. "Mai furar gidan ta ce dā dunƙule shida ake saye, yanzu huɗu."

"An gan shi cikin mota an nufi Sakkwato, kwance."

"Ai an gan shi an dawo da shi, zaune."

"Zaune, ko dai an jingine shi?"

Da surutu ya yi yawa sai Imrana ya saki hoto a waya. Ga Alhaji zaune tsakar gida yana murmushi, ga kwanon fura a gabanshi. Waya ta zaga teburi har ta iso hannun Barau. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ƙyalƙyale da dariya har ya zubar da shayin wani.

"Ku dubi bayanshi! Ragon ga mai baƙin kunne, wa bai san shi ba? Da Layya anka yanka shi, ni na ci haƙarƙarinshi. In hoton ga na jiya ne, to rago ya fito daga tukunya ya koma turke."

Wannan karon gaskiya ya faɗa, kuma ita ta ja mashi. Tun da uwarshi ta haife shi ba a taɓa cewa "Barau ya yi gaskiya" ba sai ranar, kuma mutum bakwai sunka faɗa. Kafin ya shanye shayinshi hular ta yi mashi kaɗan.

Ya iske Baturiya tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Yaya, ki shirya zama yayar shugaba."

"Shugaban mi? Kai da ko akuya anka ba ka kiwo sai ta dawo gida ta bar ka a daji?"

"Tsohon ga ya ƙare. Ni zan fara shiga, ni zan auna. Ranar da ƙarfe ya zo hannuna, gonarmu sai da kwalekwale za ki shige ta."

"Ni albasa na shuka, ba kifi ba." Ta aje faifai ta nuna shi da yatsa. "Ji nan, Barau. Albasar gonar ga ita ce tuwon marayuna na shekara. Ka yi haukarka a rabinka. In ta taɓa nawa rabin, wallahi sai na kai babur ɗinka kasuwa na sayar, kai kuma in ba da kai gyara."

Barau ya ce mata ba ta san mulki ba, ya fita.

Ya san ƙarfe kaɗai bai isa ba, sai da mutane. Ya sa anka tura mashi babur ya nufi Maradun da hantsi, don hanyar ba a son bin ta da yamma. Can ya iske Ishaq, jagoran manoman sama, gajeren mutum mai tsadar magana. Sunka gaisa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina ƙoƙari, ina jin zafi, ina zaman lafiyar gari, har Barau ya tambayi lafiyar jakin Ishaq. Sannan ya rage murya.

"Malam Ishaq, abin da zan faɗa maka daga cikin ɗaki ya fito. Likitan da kanshi ya kira ni. Kwanaki ne. In kunka tsaya bayana, Asabar ta farko da na hau, ruwan safe naku ne, baki a buɗe har ƙarshe."

"Rantse."

Ya rantse. Rantsuwa ba ta taɓa yi wa Barau nauyi ba.

Washegari ya nufi Birnin Tudu wurin Mas'udu, jagoran mutanen Bakura, mai baki kamar reza.

"Na ji jiya kana Maradun," in ji Mas'udu.

"Gaisuwar mutuwa na je."

"Allahu akbar. Wa ya mutu?"

"Bai mutu ba tukuna."

Mas'udu ya dube shi sama da ƙasa. Barau ya matso, ya faɗa mashi zancen likita, yanzu likitocin sun zama biyu, ya yi mashi alkawarin ruwan safen Asabar ta farko, ya rantse. Da zai tafi babur ya ƙi tashi. Mutanen Mas'udu sunka tura shi, ya saki hannu ɗaya yana ɗaga masu irin na manya, babur ya ga rami ya shiga da shi. Ya fito da laka har gira yana cewa dama yana son ya duba yanayin ƙasar yankin.

Mutanen Mafara kuwa a teburin shayi ya yi masu nasu alkawarin. Hayatu ya tsaya da buta a hannu.

"Barau, Asabar nawa ke cikin mako ɗaya?"

"Kai dai zuba madara, ka bar manya su yi mulki."

Daga nan ya shiga gadi. Ya je gona ya zaɓo karan dawa dogo miƙaƙƙe, ya feffere shi, ya zo ya kafa zama ƙarƙashin dalbejiyar da ke kallon gidan Dindindin. Daga safe har magariba yana nan, kunne a buɗe, yana jiran kukan mata. Duk wanda ya tambaye shi karan na mene ne sai ya ce karnukan unguwar ba su da kunya.

Rana ta uku da hantsi sai ga salati daga cikin gida. Muryar mata, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Barau ya zabura. Imrana na duƙe yana wanke ƙafa, Barau ya tsallake shi kamar kwata, ya faɗa tsakar gida yana ihu.

"Inna lillahi! Ku shaida ni na fara zuwa! Ku shaida!"

Mata sunka juyo. A tsakiyarsu ga Hajiya Taibatu uwargidan Alhaji, a gabanta ga tulun man gyaɗa a kife, ga akuyar da ta kifar da shi tana lasa.

"Ka fara zuwa ina?" in ji Hajiya Taibatu. "Wa ya mutu?"

Barau ya dubi kara, ya dubi mai. "Jaje na zo, Hajiya. Na mai. Allah ya mayar da alheri."

"Da kara ake jajen mai a gidanku?"

Imrana ya ɗaga Barau ta wuyan riga, ya fita da shi ya aje bakin hanya kamar butar alwala. Kafin azahar labari ya kai tasha. Duk inda ya gilma sai a ce, "Barau, ya haƙurin mai?"

Wani zai haƙura. Barau sai ya ce wannan ya nuna gidan a tsorace yake.

Ranar Juma'a dama ta zo. Maƙwabtan Alhaji na suna, matan gidan duk sunka fita da kwanoni. Da anka yi kiran salla Imrana ya tashi ya ja ƙofar zaure ya tafi masallaci. Unguwa ta yi tsit. Barau ya dubi hanyar masallaci, ya ce a ranshi Juma'a na nan wani mako, ya tura ƙofa ya shiga.

Ɗakin Alhaji duhu ne, an saki labule ko'ina. Da idonshi ya saba sai ya ga gado. Ga mutum kwance rigingine, a miƙe sambal, an rufe shi da farin zane daga ƙafa har haɓa. A kan ido ɗaya ga auduga an manna. Ɗaki na ƙamshin magani da turare.

Barau ya matsa kusa da gadon.

"Alhaji? Ranka ya daɗe?"

Shiru.

Ya lallaɓa ya kama babban yatsan ƙafa ya ja. Shiru. Ya ƙara ja har ya yi ƙara. Ko motsi.

"Ashe ɓoye ka sunka yi!" Ya gyara tsayuwa, muryarshi ta dawo. "Dindindin, yau ina dindindin ɗin? Shekara talatin da shida ina ce maka ranka ya daɗe, ban san Allah na amsawa ba, ka yi ta daɗewa. Tsoho mai baƙin ciki. Ka mayar da ruwan Allah kamar na randar uwarka. Gaisuwar da nake duƙa maka, wallahi ƙarfen nake gaisarwa, kai ko a banza anka ba ni kai ba ni ɗauka."

Ya shimfiɗa kara a gefen gado, ya auna daga kai zuwa diddige, ya karya abin da ya yi saura. Sannan ya laluba ƙarƙashin zane. Ga ƙarfe nan a hannun dama, yatsu sun kewaye shi. Ya ja, bai zo ba. Ya sa ƙafa a jikin gado ya ja da hannu biyu, bai zo ba.

"Ko a mace ba ka saki? To riƙe. Gawa ta sandare, masu wanka za su ɓamɓare. Awo dai na riga na yi."

Ya fito da gudu, kara a sama kamar tuta. Ya kira Ishaq, ya kira Mas'udu, ya kira Hayatu, duk magana ɗaya: an gama, jana'iza bayan la'asar, a zo da jama'a. Ya samu masu fitowa daga masallaci sunka tura mashi babur ya nufi maƙabarta. A hanya kan karan ya shiga cikin taya, ya ji ƙas. Ya tsaya ya dubi guntaye biyu, ya jefar da ƙaramin, ya kai wa masu haƙa babban.

Babban mai haƙa ya tsayar da karan a jikinshi, bai wuce ƙirjinshi ba. "Barau, Alhaji ai dogo ne."

"Ciwo ya rage shi. Ku haƙa."

Kafin la'asar ƙofar gidan Dindindin ta cika. Motoci biyu daga Maradun, uku daga Bakura, babura ba iyaka. An shimfiɗa tabarmi. Barau ya aro babbar riga wurin tela, ta wani ango ce da bai zo karɓa ba, ya zauna a tsakiya yana karɓar gaisuwa.

"Ya haƙuri, shugaba?"

"Haƙuri sai ma'aiki. A hannuna ya cika. Kalmarshi ta ƙarshe, Barau, riƙe amana."

Ya leƙa zaure ya ga Imrana zaune, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunshi na rawa. Barau ya girgiza kai ya ce wa na kusa da shi, "Ku dubi ƙato yana kuka kamar mace." Mutanen kuwa fuska a sunkuye, amma in ka duba da kyau haƙora na leƙowa. Wani daga Bakura har ya manta ya ce wa maƙwabcinshi barka.

Liman ya iso, ya gyara rawani ya ce, "Rana na tafiya. A fito da shi."

"A fito da shi!" in ji Barau da ƙarfi.

Sai anka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikin zaure, ƙarar ƙarfe a kan siminti. Imrana ya tashi ya ba da hanya, hawaye na zuba, na dariya. Alhaji Mamuda ya fito da ƙafafunshi, cikin farar riga, da baƙin tabarau, yana dogara ƙarfen ruwa.

Sahun gaba sunka faɗa kan na baya. Wani ya haye dalbejiya da takalmi. Liman ya fara addu'a uku a lokaci ɗaya bai ƙarasa ko ɗaya ba. Barau ya yunƙura zai tashi, ya taka bakin rigar ango, ya koma zaune.

Tsoho ya cire tabarau a hankali, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Yanar ido anka cire mani a Sakkwato," ya ce. "Likita ya ce in kwanta rigingine, kar in duƙa, kar in yi fushi. Shekara bakwai ban ga fuskokinku sosai ba. Ashe haka kunka tsufa. Tun ɗazu ta taga nake kallonku. Mas'udu, ban san haƙoranka sun cika haka ba. Ishaq, kai ma ashe kana murmushi."

Kowa ya dubi ƙasa.

"Barau."

"Ran... ranka ya daɗe."

"Ka daina, ka ce Allah na amsawa. Ka ja mani yatsa har yanzu yana zogi. Ka zagi randar uwata. Duk wannan na yafe. Amma an ce mani kabarin da ka sa anka haƙa bai kai tsawon ɗan maraƙi ba. Ko a ƙasar ma sai ka rage mani?"

Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da sunka ga wuƙa ta wuce su ta nufi wani.

Tsoho ya ɗaga hannu anka yi tsit. "Doka doka ce. Shi ya fara shiga, shi ya auna. Ni na gaji." Ya miƙa ƙarfen. "Karɓi. Gobe Asabar, da hantsi, kowa ya zo bakin ƙofa. Sabon shugaba zai raba ruwa."

Barau ya karɓa, ƙarfe ya ja shi ƙasa, bai san yana da nauyi haka ba. Amma kafin ya kai gida kanshi ya sake kumbura. Ya ce wa Baturiya dabararshi ce ta ci, tsoho ya ji tsoro.

"Tsohon da ya kwanta shiru ana ja mashi yatsa, shi ne ya ji tsoronka?" ta ce. "Gobe zan zo in gani da idona."

Da hantsi bakin ƙofar ruwa ya cika, kowane ɓangare ya tsaya gefen nashi baki da fartanya a kafaɗa. Imrana ya kawo kujera ya aje a inuwa, Dindindin ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Barau ya hau kan katangar ƙofa, ya buɗe baki zai yi jawabi.

"Bar jawabi," in ji Ishaq. "Ruwan safe namu ne. Ka rantse."

"Naku?" in ji Mas'udu. "A gaban mutum goma ya rantse mana!"

"Mu a kan shayi ya rantse!" in ji mutanen Mafara.

Duk sunka juyo kanshi.

"Ku kwantar da hankali," in ji Barau. "Safiya ai tana da faɗi. Akwai safiyar farko, akwai..."

"Buɗe!"

Ya sa ƙarfe a bakin Maradun ya murɗa. Bai taɓa kula da wajen da tsoho ke murɗawa ba, kullum yana can baya yana ba da labari. Ɗan ruwan da ke ɗiga ya tsaya cak. Mutanen Maradun sunka yi kururuwa. Ya ce gwaji ne, ya ruga bakin Bakura ya murɗa, shi ma ya tsaya. Ya ruga na Mafara, ya tsaya. Cikin ɗan lokaci sabon shugaba ya yi abin da Dindindin bai taɓa yi ba a shekara talatin da shida, ya haɗa kan garuruwa uku, duk suna neman wuyanshi.

Dunƙulen laka na farko ya same shi a kunne. Ya kama ƙarfe ya juya ɗaya wajen da duk ƙarfinshi, ya yi ta juyawa bai tsaya ba. Ƙofa ta yi ƙara ta ɗaga gaba ɗaya. Ruwan da ya fi kwana ashirin yana taruwa ya fito da fushi, katanga ta girgiza, ƙafar Barau ta zame, ya tafi da ka cikin kanal, ƙarfe a rungume.

Mutum goma sunka yi tsalle cikin ruwa. Ba don shi ba. Da sunka kamo ƙarfen sai sunka ga Barau na maƙale a jikinshi, dole sunka jawo su tare.

Anka shimfiɗe Barau yana aman ruwa. Ishaq ya ɓamɓare ƙarfen, Mas'udu ya kama ɗaya gefen, kowa ya ƙi saki, fartanyoyi sunka fara sauka daga kafaɗu. Sai liman ya shiga tsakani ya nuna inuwa. Su biyun sunka tafi riƙe da ƙarfe sunka durƙusa gaban kujera, jama'a sunka bi su.

"Alhaji, ka rufa mana asiri ka karɓa."

"Ni? Ai jiya na mutu."

"Don Allah, Alhaji."

"Kun ce na tsufa. Ga yaro mai jini a jika can, ku ba shi."

Sai da sunka roƙa sau uku, Barau ya rarrafo yana ɗiga ya sa baki a roƙon, sannan tsoho ya miƙa hannu. "Na karɓa don ku. Amma zancen zaɓe ya ƙare, kun ga abin da canji ke kawowa." Ya tashi, murɗa uku ya daidaita ƙofar, ya dawo ya zauna. "Gonar Barau kuma a toshe ta yau. Ruwan da ya sha yanzu ya ishe shi."

"Tsaya, Alhaji."

Baturiya ce. Ta ratso maza ta tsaya, ta gyara mayafi.

"Rabin gonar ga nawa ne, da marayu huɗu. Ni ban auna ka ba, ban ja maka yatsa ba."

"Bakin ruwanku ɗaya, 'yar nan. In na ba ki ya sha."

"To ka ba mu kwana biyu a mako."

"Ko ɗaya."

"Kwana biyu, in kawo maka buhun albasa na fari."

"Kwana ɗaya, buhu biyu."

"Kwana biyu, buhu ɗaya, kuma in ba ka abin da ya fi albasa." Ta nuna Barau. "Wanga mutuwarka yake jira. To a ɗaura a gaban liman: muddin kana numfashi gona ta sha ruwa, ya ci rabinshi. Ranar da ka cika, rabinshi ya koma hannun marayuna."

Tsoho ya fara dariya har Imrana ya tuna mashi da ɗinkin ido.

"Yaya!" in ji Barau. "Gadon ubanmu ne fa!"

"Ko ka yarda, ko a toshe yau, albasarka ta bushe ka ci kara. Zaɓi."

Ya dubi jama'a, babu fuska ɗaya mai tausayi. Ya yarda. Liman ya shafa fatiha.

Tun daga ranar duk Mafara babu mai son ran Dindindin kamar Barau. Shi ke riƙe mashi laima zuwa masallaci, shi ke share duwatsu daga hanya, mai mura bai isa ya matso kusa ba. In wani ya ce a teburin Hayatu ya ji Alhaji na tari, Barau ke cin kwalarshi. Ya ma daina zancen jirgi, yanzu maganin hawan jini ya sani, iri-iri.

Ranar Juma'ar da ta wuce yana zaune a zauren gidan yana yi wa tsoho fifita, sai ga Baturiya da ƙaton kwano. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, ta tambayi jiki da murya mai daɗi, ta buɗe. Tuwon shinkafa ne da miyar kitse, man shanu na yawo a kai har ana ganin fuska.

Barau ya jefar da mafici ya tare kwanon da jikinshi.

"Yaya, ki ji tsoron Allah! Likita ya hana shi maiƙo!"

"Na sani," ta ce. "Alhaji, bismilla, tun da zafi."